Mai rufin asiri ake tatsa, mai kuɗin yana gefe

Ranar wata Juma'a bayan isha'i muna zaune a majalisarmu ta ƙofar gida gardama ta kaure kan sabuwar dokar harajin nan ta gwamnatin tarayya, wani abokinmu da yake jan adaidaita sahu ya ce shi dai a wurinsa duk wanda ake tura wa naira dubu 500 a ƙarshen wata mai kuɗi ne, a cire masa ko nawa ne ba ruwansa, wani kuma malamin jami'a a cikinmu ya kusa miƙewa tsaye don ɓacin rai, yana cewa shi da yake karɓar abin da ya kusa haka tayar motarsa ma ya kasa canzawa tun bara. Kowa a cikinsu gaskiyarsa yake faɗa, shi ya sa abun ya tsaya min a rai. Amma duk tsawon gardamar babu wanda ya ambaci mutumin da ya gina jerin shagunan da muke kallo a tsallaken titi, shago sama da talatin kuma duk da 'yan haya a ciki, mutumin da ba ya karɓar albashi daga hannun kowa balle a ce za a cire masa wani abu kafin ya shiga aljihunsa. Tun daga ranar nake son in rubuta wannan abin.

Mu Hausawa ai ba mu taɓa raba mutane gida biyu kawai ba. Akwai matsiyaci, akwai talaka, akwai mai rufin asiri, akwai mai hali, sannan mai kuɗi, sannan attajiri, can sama kuma hamshaƙi. Kuma ko yaro a unguwa ya san bambancinsu ba sai an koya masa ba, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Mai rufin asiri shi ne wanda ake ɗora tukunya a gidansa kullum, 'ya'yansa suna zuwa makaranta, yana sa wankakkun kaya, amma in matarsa ta kwanta asibiti sati biyu sai an sayar da wani abu. Mai hali zai iya jinyar ba tare da ya sayar da komai ba, har ya taimaki maƙwabci. Mai kuɗi kuwa shi ne wanda ko ya kwanta barci shekara guda bai fita ba dukiyarsa tana haihuwa. A nan nake ganin iyakar take, a nan kuma gwamnati take ɓata lissafi, don ita albashi take kallo, alhali mai kuɗi na gaskiya a ƙasar nan yawanci ba shi da albashi ma.

Bari mu duba abin da dokar ta ce tukunna don kar mu yi ta magana a iska. Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokokin gyaran haraji guda 4 ranar 26 ga Yunin 2025, bayan aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta, aka sa ranar 1 ga Janairun 2026 ta zama ranar fara aiki da su. A sabon tsarin, naira dubu 800 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kai. Daga nan zuwa miliyan 3 ana cire kashi 15 cikin 100, daga miliyan 3 zuwa 12 kashi 18, daga 12 zuwa 25 kashi 21, daga 25 zuwa 50 kashi 23, duk abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Kowane kaso yana hawa ne kan ɓangaren kuɗin da ya faɗa cikin matakinsa kawai, ba kan duka ba, wannan mutane da yawa suna ruɗewa a kai. An kuma sa sassaucin kuɗin haya, kashi 20 na abin da ka biya a shekara amma kar ya wuce dubu 500.

To in za a yi adalci, akwai abin yabo a nan kuma ba zan ɓoye ba. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na dubu 70 ya fita daga ciki, a tsohon tsari kuwa tun daga dubu 300 na farko ake fara cire kashi 7. Wannan ci gaba ne. Amma ka ɗauki biro ka yi lissafi da kanka. Dubu 800 a shekara in ka raba shi a kwanaki bai kai naira 2,200 a rana ba. Yanzu a ce magidanci mai mata da 'ya'ya biyar wanda ya haura 2,200 a rana shi ne ya kai matsayin da za a fara cire masa kashi 15? Je ka kasuwa da 2,200 ka ga abin da za ka dawo da shi a leda. Mai dubu 250 a wata, wato miliyan 3 a shekara, in ba a yi maganar fensho da sauran abin da ake ragewa ba harajinsa dubu 330 ne a shekara, dubu 27 da 500 kenan duk wata. Mai miliyan ɗaya a wata zai biya kusan kashi 16 na abin da ya samu. Mai miliyan 50 a shekara kusan kashi 21. Mai biliyan ɗaya kuma bai cika kashi 25 ba. Kaga kenan tsakanin malamin jami'a ko likita mai miliyan ɗaya a wata da mutumin da yake samun biliyan a shekara tazarar ba ta kai kashi 10 ba, tsanin yana da tsayi a ƙasa inda talakawa suke hawa, da an zo sama sai ya gajarce. Kuma daga miliyan 50 shikenan an rufe, mai miliyan 60 da mai biliyan 60 matakinsu na ƙarshe ɗaya ne. A Ghana da Kenya matakin sama kashi 35 ne, a Afirka ta Kudu 45.

Akwai kuma wani abu da ya fi damuna wanda ba a cika maganarsa ba, shi ne waɗannan lambobin a tsaye suke amma naira ba a tsaye take ba. Mun ga wannan da idonmu. Tsohon tsarin an gyara shi ne a 2011, lokacin aka ce duk abin da ya haura miliyan 3.2 a shekara a cire masa kashi 24, a wancan lokacin dala ba ta wuce naira 160 ba, wato miliyan 3.2 ya kai dala dubu 20, mai samun haka kam mai hali ne. Aka bar lambar nan a wurin shekara 14 ba a taɓa ta ba, aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000, aka saki naira dala ta haura 1,500, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, sai ga shi miliyan 3.2 ɗin nan ya koma dala dubu biyu da 'yan kai, amma har lokacin doka tana kallon mai shi a matsayin wanda ya kai matakin ƙoli. Talauci ya tura mutane ƙasa, takarda kuma tana nuna sun hau sama. In ba a ɗaure wannan dubu 800 ɗin da farashin kaya ba, nan da shekara biyar haka za mu koma, ma'aikacin da aka ƙara wa albashi don kawai ya iya sayen buhun shinkafar da yake saye a da sai ya tsinci kansa a matakin masu kuɗi.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce, shekararta 19 tana aiki, mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu. Wata rana a ƙarshen wata na je gidanta na same ta zaune a kan darduma da waya a hannu da wani ɗan littafi irin na 'yan firamare da take rubuta bashi a ciki. Alat ɗin albashi ya shigo da la'asar, ina zaune kafin a kira magariba ta tura wa mai shago, ta tura kuɗin makarantar yara biyu, ta tura wa Inna kuɗin maganin hawan jini, ta tura wa ƙanin mijinta da aka kwantar da ɗansa, ta tura na adashi, kowace turawa kuma banki yana zare naira 50 ɗinsa. Na ce Yaya, yanzu nawa ya rage? Ta juyo min da fuskar wayar ba ta ce komai ba. Abin da ya rage ba zai kai su sati biyu ba. Na ce to kin san a lissafin hukuma kina cikin waɗanda suke da abin biya, ta ce kai dai bari ƙanina, ai su tun kafin in gani suke ɗaukar nasu, ni ce ta ƙarshe da nake ganin albashina. Wannan maganar ba ta bar kaina ba. Albashinta suna ɗaya ne a takarda amma bakin da yake ci a ciki ya fi goma, kuma dokar ba ta tambayi ko mutum nawa ne a wuyanta ba. Ita da saurayin da ya fara aiki bana yana zaune gidan iyayensa, in albashinsu ɗaya to harajinsu ɗaya, sai ɗan sassaucin haya in tana haya. A Arewa inda ma'aikaci ɗaya yake riƙe da dangi guda, wannan ba ƙaramin rashin adalci ba ne. Kuma nauyin da take ɗauka ai aikin gwamnati ne take yi, ita ce inshorar lafiyar Inna, ita ce tallafin karatun marayu.

Shi ya sa nake cewa ma'aunin da muka gada a zakka ya fi wannan hankali nesa ba kusa ba, kuma ba ina cewa a mayar da haraji zakka ba ne, zakka ibada ce tana da mutanenta guda 8 da Alƙur'ani ya lissafa, ƙasar nan kuma ba Musulmi kaɗai ne a cikinta ba. Ma'aunin kawai nake so mu kalla. Zakkar kuɗi ba ta tambayar nawa ya shigo hannunka, tambayarta nawa ya zauna. Sai dukiya ta kai nisabi, kimanin giram 85 na zinare, sannan ta shekara a hannunka, sannan a cire ɗaya cikin 40. Gidan da kake kwana ba ya ciki, abin hawanka ba ya ciki, tufafinka ba sa ciki, a mazhabar Malikiyya bashin da ake binka ma ana duba shi a zakkar kuɗi. Shanu sai sun kai 30, tumaki da awaki sai 40. Manomin da ruwan sama ya shayar masa ya ba da ɗaya cikin 10, wanda ya sha wahalar ban ruwa ya ba da rabin haka, wato har wahalar da ka sha ana lissafa ta. Kuma nisabin da zinare aka ɗaure shi, shi ya sa duk shekara malamai suke sake fitar da shi da naira, in naira ta faɗi nisabi ya tashi, talaka ba ya faɗawa ciki bisa kuskure. Duk matsalolin da na lissafa a sama, na lambar da ba ta motsi da na kallon shiga ba kallon saura ba, an warware su tun fiye da shekara 1,400. Da wannan ma'aunin Yayata ba ta cikin masu bayarwa, mai jerin shagunan tsallaken titi kuwa yana ciki tsundum.

To in ka tambaye ni lamba, ni ga yadda nake gani a halin da ake ciki yau. Magidancin da abin da yake shigo masa bai wuce dubu 250 zuwa 300 a wata ba ai rufin asiri ne da ƙyar, bai kamata a taɓa shi ba ko kuma a taɓa kaɗan ƙwarai. Mai miliyan ɗaya a wata mai hali ne, ya biya daidai gwargwado, amma kar a kira shi mai kuɗi, ciwon ƙoda ɗaya a gidansa zai mayar da shi talaka cikin wata shida. Daga miliyan 4 zuwa 5 a wata a nan ne za a fara cewa mutum ya shiga sahun masu kuɗi, kuma a nan dokar ta tsaya, alhali nan ne ya kamata ta fara. A ƙara mataki na kashi 30 ga mai ɗaruruwan miliyoyi, a ƙara na 35 ga mai biliyan. Wannan ra'ayina ne kuma wani zai iya matsar da lambar sama ko ƙasa, ba zan yi rigima a kai ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a tsaya kan kuɗin shiga kaɗai.

Don ko ka sa kashi 50 a takarda, in mutumin bai taɓa shiga littafi ba me ka yi? A 2017 lokacin da aka ƙaddamar da shirin VAIDS, wanda aka ce kowa ya zo ya bayyana dukiyarsa da kansa a yafe masa tara, Osinbajo yana muƙaddashin shugaban ƙasa ya faɗa cewa mutum 214 ne kacal a duk Najeriya suke biyan harajin naira miliyan 20 ko fiye a shekara, kuma dukkansu a Legas suke. Ka tsaya ka yi tunanin wannan. Kano da ta haifi Ɗangote da Abdussamad Rabi'u, Kano mai Kantin Kwari da Singa da Dawanau da Wambai, inda ake cinikin tireloli a tsaye da baki da musafaha, a ce a wancan lissafin babu mutum ɗaya a cikinta. Ba wai babu masu kuɗin ba ne, kowa ya san suna nan, muna ganin jerin motocinsu ranar ɗaurin aure. Mutum yana da sito cike da masara da riɗi da waken suya, yana da filaye a duk sabuwar unguwar da aka yanka, yana da dala a ajiye, kuma in ka je ofishin haraji wataƙila abin da ya biya bai kai na hedimasta ba. Ma'aikaci an kama shi ne don kawai shi ne mai sauƙin kamawa.

Sai kuma su masu yin dokar. A 2018 Sanata Shehu Sani ya fito ya ce kowane sanata yana karɓar miliyan 13.5 duk wata a matsayin kuɗin gudanar da ofis, ban da albashin da bai kai miliyan ɗaya ba. A Agustan 2024 Sanata Kawu Sumaila ya faɗa wa BBC Hausa cewa abin ya kai miliyan 21 a wata. Ka lura da dabarar, abin da ake kira albashi ƙarami ne, babban kason kuma an sa masa wani suna daban. Mutumin da tsarin biyansa yake haka shi ne zai zauna ya yanke cewa nas da malamin makaranta su biya kashi 15 da 18. Ni wallahi wannan yana ƙona min rai, kuma ina ganin duk maganar adalci a haraji da ba ta fara daga nan ba ba za ta shiga kunnen kowa ba.

Abin da ya fi sauƙin kamawa a dukiyar mai kuɗi shi ne ƙasa, don fili ba ya shiga jirgi ya tafi Dubai. Ka zaga Maitama da Asokoro da daddare ka ƙirga manyan gidajen da babu fitila a cikinsu sai ta ɗakin maigadi, an gina ne don a ɓoye kuɗi ba don a zauna ba. A 2025 hukumar Abuja ƙarƙashin minista Wike ta sanar da soke takardun filaye sama da 4,700 saboda masu su sun shekara 10 ko fiye ba su biya kuɗin ƙasa ba, a manyan unguwannin da talaka ko haya ba zai iya kamawa ba. Duk abin da mutum yake ji game da Wike, wannan lambar ta nuna mana su waye ba sa biya. Ni abin da nake so shi ne gidan da mutum yake zaune da iyalinsa a ƙyale shi, gonar da yake nomawa ya ci a ƙyale ta, amma gida na uku da na huɗu da na goma, da filin da aka katange aka bari shekara 15 ana jira ya yi tsada alhali matasa sun rasa inda za su kama ɗaki su yi aure, a sa musu kuɗi duk shekara gwargwadon darajarsu. Sabuwar dokar ta ɗan taɓa wani ɓangare, ribar da mutum ya ci in ya sayar da kadara a da kashi 10 ce kawai, yanzu an haɗa ta da sauran kuɗin shigarsa tana iya kaiwa 25, wannan daidai ne. Amma wanda bai sayar ba ya zauna a kai fa?

Wasu za su ce ai talaka ba ya biyan haraji tunda an cire shi. Wannan maganar wanda bai taɓa zama a tasha ko kasuwa ba ne yake yin ta. Abokin nan nawa mai adaidaita kafin ya ɗauki fasinja na farko ya yanki tikiti, mai shayin unguwarmu akwai ranar da na ga ya zaro rasit kala uku daga cikin gwangwanin madara, wannan na ƙaramar hukuma, wannan na shara, wannan shi kansa bai san na mene ne ba amma ya biya don kar a ɗauke masa tebur. Ga VAT, harajin da ake ɗorawa a kan kayan da ka saya, kashi 7.5 a kan katin waya da data da sabulu, wanda mai biliyan da mai tura baro duk ɗaya suke biya. In ka haɗa waɗannan ka auna da abin da mai shayi yake samu, kason da yake fita daga jikinsa zai iya fin na mai sito. A ƙauyukan Zamfara da Sokoto da Katsina kuwa manomi yana biyan wani harajin ga 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe, da sunan haraji ma suke kiransa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2022 ta ce mutum miliyan 133 ne suke cikin talauci ta fuskoki da yawa, Sokoto ce a gaba da kashi 91. Waɗannan mutanen babu sauran abin tatsa a jikinsu.

Kuma kar a manta mu muna da tarihi da kalmar nan, shi ya sa da an ce haraji gaban talakan Arewa yake faɗuwa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali, wato harajin shanu, cikin zaluncin da ya soki sarakunan zamaninsa da shi. Turawa suka zo suka ƙarfafa harajin kai ta hannun En'e, dagaci da mai unguwa suna bi gida gida, kakanninmu sun ba mu labarin mutanen da suka gudu suka bar gari ko aka shanya su a rana saboda kuɗin da ba su da shi. Yaƙin jam'iyyar NEPU da Malam Aminu Kano babban ɓangarensa a kan wannan ne, kuma da jam'iyyar PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa soke haraji da jangali na cikin abin da suka fara yi. Abin da ya sa wancan harajin ya zama zalunci shi ne kai ake ƙirgawa ba dukiya ba. Tikitin tasha da rasit ɗin mai shayi jikokinsa ne.

Na san amsoshin da za a ba ni. Za a ce attajiranmu suna fitar da zakka, suna rabon abinci da azumi, suna gina masallatai. Allah ya saka musu, da gaske nake faɗa, akwai gidajen da ba don su ba da ba a ɗora tukunya. Amma buhun shinkafar azumi ba ya biyan albashin malamin firamare, ba ya sa jini a asibiti, kuma tirelolin mai kuɗi su suka fi cin titi, kadarorinsa su suka fi buƙatar ɗan sanda da kotu. Kyauta kana ba wanda ka ga dama ranar da ka ga dama, haƙƙin jama'a kuwa ba haka yake ba. In ana so a sauƙaƙa, sai a duba yadda wanda ya ba da zakkarsa ta hannun hukuma irin Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano da rasit a hannu za a rage masa wani abu a harajinsa, wannan zai ma jawo mutane su shiga littafi da kansu.

Amsar da ta fi ƙarfi ita ce, to in an karɓa ina za a kai? Wannan kam ba ni da bakin musa ta. Mutumin da ya haƙa rijiyar burtsatse da kuɗinsa, ya sa sola, ya kai 'ya'yansa makarantar kuɗi, ya biya 'yan sintiri, yana da hujjar tambayar me gwamnati ta yi masa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma ka lura da abu ɗaya, yanzu haka da ake satar, Yayata ba a ba ta zaɓin ta ƙi biya ba, mai shayi ma haka. Wannan hujjar mai ƙarfi kaɗai take yi wa aiki. Kuma ni ina da yaƙinin ranar da manyan 'yan kasuwar Kano da Kaduna da Sokoto suka fara biyan ɗaruruwan miliyoyi daga aljihunsu, ranar gwamna zai fara samun masu tambayarsa da ba zai iya share su ba, don su suna da lambar wayarsa. Yanzu ba ruwansu ne saboda ba kuɗinsu ake ci ba.

A ƙarshen 2024 gwamnonin Arewa da sarakuna sun taru a Kaduna sun yi watsi da ƙudurin farko na wannan gyaran harajin, Gwamna Zulum na Borno ya yi magana, Sanata Ndume ya yi, aka yi ta kai ruwa rana kan yadda za a raba VAT tsakanin jihohi, har aka sauya tsarin rabon kuma aka bar shi a kashi 7.5 ba a ƙara ba. Sun yi ƙoƙari a nan. Sai dai duk ƙarfin ya tafi ne kan kason da za a turo daga Abuja, alhali harajin kuɗin shigar mutum ɗaya ɗaya ba na Abuja ba ne, jihar da mutum yake zaune ita take karɓa, in ka cire irin su sojoji da 'yan sanda da mazauna babban birnin tarayya. Filaye ma tun dokar 1978 a hannun gwamna suke, shi yake sa hannu a takardar mallaka, ofishinsa ya san wa yake da fili nawa a wace unguwa. Wato littafin da za a buɗe a ga masu kuɗin jiha yana cikin durowar gwamna, ba ya buƙatar izinin kowa. Abin da nake so ɗan majalisar jiharmu ya tashi ya tambaya a zauren majalisa shi ne, cikin harajin da jiha ta tara bara nawa ne ya fito daga albashin ma'aikata, nawa ne daga tikitin tasha da kasuwa, nawa ne kuma daga mutanen da suke da gida fiye da biyar, a buga lambobin uku a manna a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma inda mai shayi zai iya tsayawa a karanta masa.